Ruwan da Ya Girmi Duniya

Zuwa ga ƙanena Dogon-wuya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Kafin ka fara juya takardar nan kana neman mai ita, ni ce Yayarka tela, jikar yayar kakanka, wadda ta goyo ka gida ranar da ka afka kwata garin kallon jirgin sama. Tun ranar sunan nan ya bi ka. Na ji har yau saman kake kallo, sai dai yanzu biyanka ake yi. Wajen Innarka na karɓi adireshi. Ta ce a kan tsaunin da kuke an hana wayar hannu, wai tana dagula muku na'urori, sai dai takarda, ita ma sai ranar da motar kayan abinci ta hau. To ga takarda.

Mu nan da sauƙi. Yara duk sun kama gabansu, daga ni sai maigida. Ka san direban babbar mota ne, to ya ajiye tuƙi tun bara, ƙodarsa ta gaza. Sau biyu a mako muke zuwa asibiti a ɗora shi a injin wankin ƙoda. Ruwan sha ma aunawa nake yi, don jikinsa ba ya iya fitar da shi. Mutumin da ya saba kafa kai a jarka! Kullum sai mun yi faɗa a kan kofi.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ranar Talata da rana tsaka ina kan keke ina haɗa hannun riga, sai na ji ƙara kamar taya ta fashe, sai ƙura, sai ga hasken rana ta rufin ɗakin ɗinkina. Dutse ne ya huda kwano, ya huda silin, ya daki teburin yanka, dutsen ya rabu biyu, ya kuma ragargaza mini waya da ke kai. Da ya matso kaɗan, da wajen Innarka za ka ji labarin, ba wajena ba. Na fita da almakashi a hannu ina neman ɗan da ya yi jifa, na tarar unguwa tsit. Daga baya na ce, ke ma dai, wane yaro ne zai huda kwano da silin a jifa ɗaya?

Bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma ba shi da nauyin da ido ke ba shi. Cikinsa toka-toka ne mai duhu, da ɗige-ɗige farare da wasu 'yan ƙwayoyi kamar kan fil. Warin ashana yake yi, in ka murza sai ya bar baƙi a yatsa. Babban ya kai dunƙulen hannun maigida, ƙaramin kamar ƙwan kaza.

Maƙwabta kowa da abin da yake faɗa, na gaji da su. Maigida ya ce a tambayi mai ilimin abin, tunda muna da shi a dangi. Wallahi tun da ya kwanta ban ga abin da ya tashe shi zaune irin dutsen nan ba. Ya ce in tambaye ka mene ne, daga ina yake, kuma wai akwai wasu duniyoyi irin tamu a can? Ka amsa masa, ko na samu ya daina ƙirga silin.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna ƙwarai, na kuma ji kunya da ke kika riga ni. Ina lafiya, in ban da sanyi da ƙarancin iska a nan sama. Allah ya ba Yaya Direba lafiya, ke kuma sannu da jinya, sannu da tsallake rijiya. Maganar kwata kuwa na yi zaton an manta.

Idan dutsen yadda kika siffanta yake, to abin da na shekara goma ina hange daga nesa ne ya faɗo miki kan tebur.

Bari in fara daga aikinmu. Muna da manyan farantan ƙarfe, irin na kamo tashar talabijin, amma kowanne ya fi gidanku faɗi. Muna juya su wajen jariran taurari, waɗanda ba su daɗe da kamawa ba. Tauraro yana samuwa ne idan wani ƙaton gajimaren ƙura da iskar gas ya rufta cikin kansa. Tsakiyar ta matse ta yi zafi har ta kama ci, ragowar kuma ta baje kamar faifai tana kewaya shi. Ƙurar nan ta fi hoda laushi. Ki leƙa ƙarƙashin kekenki, ki ga yadda burbushin zare ke haɗuwa ya zama curi ba tare da wani ya tara shi ba. Haka ƙurar can ke mannewa. Curi ya zama tsakuwa, tsakuwa ta taru ta zama dutse, dutse ya kai girman gari. Daga nan nauyinsa ya fara jawo na kusa da shi, yana ci yana share hanyarsa. Mu daga nan mukan ga faifan da wasu layuka a share, babu ƙura, sai mu ce a nan wata duniya ke girma.

Ranarmu ma tauraruwa ce, kuma haka ta yi a jarintarta. Duniyar da muke takawa daga faifanta ta fito. Amma ba duka aka ɗinke ba. Akwai ƙyallayen da suka rage bayan yanka, suna ta yawo tun wancan zamanin, ba su shiga jikin kowace duniya ba. Ɗaya daga ciki ne ya huda miki kwano. 'Yan ƙwayoyin nan kamar kan fil, ƙura ce da ta narke ta daskare tun babu ƙasa ballantana mai taka ta. Irin wannan baƙin kuwa daga can nesa da rana yake, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Saboda haka a cikinsa akwai ruwan da ya girmi duniya, akwai kuma irin sinadaran da aka gina rai da su. Ki faɗa wa Yaya Direba ya riƙe shi da girmamawa, ya girmi duk abin da ya taɓa ɗaukowa a mota.

Yanzu roƙo, don Allah. Kada ruwa ya taɓa shi, ko ɗigo. Irinsa marmashewa yake a ruwa, abin da ke ciki ya tafi. Darajarsa a wajenmu ita ce an tsince shi kafin ruwan sama ya dake shi, kuma da wuya a dace da haka. Ki samu kwalba mai tsabta mai murfi, ki sa shi ciki, a daina murzawa. Da zarar zangona ya ƙare zan zo da ƙafata. Tambayarsa ta wasu duniyoyi tana da tsawo, direban motarmu kuma yana ta danna hon, zan amsa a takarda ta gaba.

Ƙanenki, Dogon-wuya.

*

Dogon-wuya,

Sallama da gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu nan babu lafiya, kuma ba zan ɓoye maka ba, takardarka ce sila.

Ranar da ta zo maigida ya karanta ta sau ba adadi, har ya haddace. Ni ina ta murna mutum ya samu abin ɗebe kewa. Washegari na dawo daga kai ɗinki na tarar da babban dutsen a cikin jug, ruwan ya yi duhu kamar an jiƙa gawayi, shi kuma yana goge baki. Na ce, "Malam, me ka yi?" Ya ɗaga takardarka ya karanto mini, "Ruwan da ya girmi duniya, da sinadaran da aka gina rai da su." Ya ce gida nawa ne a garin nan? Me ya sa bai faɗa gidan mai lafiya ba, sai gidan wanda ƙodarsa ta mutu?

Na fizge takardar na nuna masa inda ka ce kada ruwa ya taɓa shi. Ka san abin da ya ce? Ya ce ai nan ne hujjar. Yaron da bakinsa ya ce in ruwa ya taɓa shi abin da ke ciki fita yake. To ina yake zuwa in ba cikin ruwan ba? Shekara talatin ina gardama da mutumin nan, ban taɓa cin sa ba.

Kwanakin farko, ban sani ba ko farin ciki ne, sai ya ware. Ya ci abinci har da neman ƙari, ya fita ƙofar gida ya yi hira da masu wucewa. Ranar wanki ta zo na shirya jaka, sai ya ce ba inda za shi. Ya ce shekara guda ke nan inji yana wanke shi kamar tsumma, ya fito jiri na ɗibarsa, kuma likita da bakinsa ya ce ba warkewa ake yi ba, jan kwana ne. Yanzu Allah ya aiko masa da nasa har ɗaki, ba zai haɗa da na inji a tsotse masa shi ba. Na yi kuka, na yi zagi, na durƙusa. Wanki biyu ke nan ya tsallake. Mutumin da nake auna wa ruwa da kofi, yau jug yake shanyewa, ya sake cikawa a kan dutsen. Ƙafafunsa sun fara tasawa.

Ƙaramin na ɗauke tun kafin ya kai gare shi. Yana cikin kwalba yadda ka ce, na tura shi ƙasan gwangwanin maɓallai. Ban san ma dalilin da ya sa na yi maka wannan ba, don haushinka nake ji kamar in mutu. Kai da aka tura karatu, ba ka san abin da ake faɗa wa marar lafiya ba? Na gaya maka ƙodarsa, na gaya maka kofi, kai kuma ka aiko masa da ruwa da rai a layi ɗaya.

Ka rubuto yanzu-yanzu ka warware abin da ka ƙulla. Maganarka yake ji, ba tawa ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata da Yaya Direba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, jiki kuma yana ƙara sauƙi. Ban ga amsarku ba tukuna, ƙanƙara ta rufe hanya motarmu ba ta hau ba, amma na ce bari in cika alkawari, wani abokin aikina da zai sauka da ƙafa zai tafi da wannan.

Yaya Direba, ka tambaya ko akwai wasu duniyoyi. Akwai, an gano dubbai, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne kusan babu gidan da ya yi kama da namu. Mu a nan ƙananan duniyoyi na dutse ne a kusa da rana, ƙattai na iskar gas a can baya. Da mun ɗauka haka tsarin yake ko'ina. Sai ga wani tauraro da ƙatuwar duniyarsa manne da shi, tana gama kewaya shi cikin 'yan kwanaki. Wani kuma nasa ƙanana ne a cushe wuri ɗaya kamar motoci a tasha.

Me ke kawo bambancin? Da farko kayan da aka fara da su, wani faifan ƙurarsa da yawa, wani kaɗan. Sai wuri. Kusa da tauraro zafi ba ya barin ruwa ya daskare, dutse da ƙarfe kawai ke haɗuwa, shi ya sa duniyoyin wurin ba sa girma sosai. Can baya kuwa ga dutse ga ƙanƙara, lodi ya yi yawa, sai duniya ta yi saurin nauyi ta fara zuƙar gas. Amma gas ɗin ba ya jira, hasken tauraron yana kore shi, wadda ba ta yi lodi da wuri ba ta tashi fayau. Sannan kai ka fi ni sanin abin da babbar mota ke yi in ta bar layinta. Ƙatuwar duniya takan gangaro ciki, ta ture ƙanana, wasu su faɗa cikin tauraron, wasu ta cilla su waje gaba ɗaya.

A gidanmu ƙatuwar ba ta gangaro har ciki ba, ta dai yi motsin da ya watso duwatsun can baya zuwa nan. Duniyarmu a wuri mai zafi ta haɗu, don haka da yawanmu muna ganin a bushe ta tashi, ko kusa da haka, irin dutsen ɗakinku ne suka yi ta faɗo mata suna kawo ruwa. Ka iya cewa su suka yi jinyar duniya har ta rayu.

Na ba shugabar sashenmu labari, ta kusa faɗowa daga kujera. Ta ce in na kawo shi a bushe, ni zan jagoranci binciken. Yaya, kwalba dai, kwalba! A gaida yara.

Ƙanenku, Dogon-wuya.

*

Dogon-wuya,

Gaisuwa a taƙaice, ba ni da natsuwar doguwa. Na san takardarka ta biyu ta saɓa da tawa a hanya, na ga ba ka san abin da ake ciki ba. Amma da za ka ga abin da ta yi, da ka gwammace hannunka ya karye kafin ka rubuta ta.

Yana zaune a ƙofa mai kawo wasiƙu ya miƙa masa. "Su suka yi jinyar duniya har ta rayu." Ya kira ni ya karanta mini, yana haki yana dariya. Ya ce dutsen da ya yi jinyar duniya guda, ƙoda biyu ne za su gagare shi?

Ga halin da yake ciki. Ƙafafu kamar turmi, takalmi ba ya shiga. Fuska ta kumbura har idanu sun shige. Ba ya iya kwanciya, in ya miƙe sai ya ce ana danne masa ƙirji, a zaune yake barci da filo uku a baya. Numfashinsa daga ɗakin ɗinki nake jiyo shi. Nas ɗin da ke ɗora shi a inji ta zo har gida, baiwar Allah, ta ce ruwa ne ke taruwa a huhunsa, kuma gishirin jini in ya hau zuciya tsayawa take ba sallama. Ya yi mata godiya ya ce ta gaida gida. Yara sun zo za su ɗauke shi ta ƙarfi, ya ce wanda ya taɓa shi bai yafe ba, suka tsaya cirko-cirko kamar gumaka. Wayarsa ya kashe ya sa a ƙarƙashin filo. Jug ɗin kuwa a ƙirjinsa yake rungume, dutsen ya zama laka.

Sannan ya gano kwalbar. Da ya ga ka rubuta kwalba dai kwalba, sai ya tsare ni da ido, ni kuma ban iya ƙarya ba. Bai karɓa ba. Cewa ya yi in ajiye maka abinka. Na ce na rubuta maka, amsa na tafe, za ka gaya masa da kanka ba magani ba ne. Ya ce, "Ai dole ya faɗa. Yaro zai zama shugaban bincike, ga rabonsa a kwalba. In bai ce ba magani ba ne, ai sai in jiƙa nasa in nawa ya ƙare." Ya ce duk da haka zai karanta, amma a rubuce da hannunka, ba saƙon baki ba.

Ka ji inda muke. In ka ce magani ne ya mutu, in ka ce ba magani ba ne ya ce kwaɗayi. Kai ne mai ilimi, ka nemo hanya. Tsoro nake ji, ƙanena. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Direba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Takardun Yaya biyu tare suka iso mini yau da safe. Na bi motar na sauko gari don in aiko da wannan ta masu kai saƙon gaggawa. Yaya, ki karanta masa da ƙarfi, kada ki tsallake komai.

Ban yi maka ƙarya ba, amma rabin labari na ba ka, don daɗinsa ya ɗebe ni. Ga sauran.

Ruwan da ke cikin dutsen nan ruwa ne kawai. Na ce ya girmi duniya, gaskiya ne, amma na famfon gidanka ma haka. Ai shi ne wanda duwatsun suka kawo tun farko. Shi ka sha a jarka duk tsawon tuƙinka, shi ne kuma yanzu a ƙafafunka da ƙirjinka. Sinadaran da na ambata, waɗanda ke cikin loma ɗaya ta abincin Yaya sun ninka na dutsen nan duka. Darajarsa a wajenmu tsufansa ne, ba ƙarfinsa ba.

Ka tambaye ni wasu duniyoyi, ga waɗanda ban gaya maka ba. Akwai waɗanda muka auna girmansu da nauyinsu, lissafi ya nuna mana da alama ruwa ya yi musu yawa. Sun haɗu a can wajen ƙanƙara, ko an yi ta zuba musu ba tsayawa. Teku ɗaya ne ya shafe su, babu tudu ko na ajiye ƙafa, kuma babu inda ruwan zai tafi. Tamu ba yawan ruwa ne ya raya ta ba. Kaɗan ta samu, a aune, daga nan aka daina. Da an ci gaba da zubawa da babu hanya, babu mota, babu kai. Kai direba ne, ka san abin da ke faruwa da motar da aka yi ta yi wa lodi ba a saukewa. Injin asibiti saukale yake yi maka, kuma yanzu shi kaɗai zai iya.

Na san abin da ka ce, wai ina tsaron rabona. Ba ka yi laifi ba, don ina son dutsen nan fiye da yadda zan iya faɗa. Tun ina saurayi nake hangen ƙurar nan daga inda ba zan taɓa zuwa ba, ban taɓa riƙe ta a hannu ba, kuma da wuya in sake samun irin wannan damar. To ga amsata. Yaya, ki ɗauko kwalbar. Ki kawo bokitin wanki da ruwan sabulu a ciki, a gabansa ki juye. Kada ki rage ko ɓarɓashi. Na riga na gaya wa shugabarmu dutsen ya lalace, ta cire shi a rai.

Yaya Direba, in ka ga ya narke, ka san ba ni da sauran abin da nake tsaro sai kai. Ka tashi ku tafi asibiti. Don girman Allah ka tashi.

Ƙanenka, Dogon-wuya.

*

Zuwa ga ƙanena Dogon-wuya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya sanyi, ya aiki? Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, na san ka ƙagu. Yana da rai. Bari in fara da wannan kafin ka yaga takardar garin sauri.

Saƙonka da hantsi ya iso. A lokacin, magana ma sai maigida ya huta a tsakiyarta, leɓɓansa sun canza launi. Na zauna a gabansa na karanta, ban tsallake komai ba. Da na kai wajen duniyar da ruwa ya shafe, sai ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Da na kai wajen kwalba, ya ɗago ya ce, "Cika baki ne. Ya san ba za ki iya ba."

Ni kuwa wallahi ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya zan tuna da kai. Na jawo bokitin da na jiƙa zannuwan gadonsa, na zazzage gwangwanin maɓallai a ƙasa, na buɗe kwalbar. Sai da ya ga na karkata ta ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya!" Ina! Dutsen ya riga ya faɗa ruwa. Muka zuba masa ido yana ta 'yan ƙananan kumfa, na sa hannu na murje shi har ya zama baƙin ruwa. Ina murzawa ina kuka, ban san ko kukan wa nake yi ba a cikinku.

Can ya ce, "Kin ɓata wa yaron nan aiki." Na ce shi ya ce in ɓata. Sai ya sauke jug ɗin daga ƙirjinsa ya ajiye a ƙasa, ya laluba ƙarƙashin filo ya miƙo mini waya, ya ce in kira babban yaronmu ya zo da mota.

A hanya sau biyu na ɗauka ya tafi. Likita da ya gan shi bai ko yi mana faɗa ba, gudu kawai suka yi da shi, wannan ya fi faɗan tsorata ni. Kwana da kwanaki suna janye ruwan a hankali. An sallame mu yanzu, amma zuciyarsa ta taɓu, likita ya ce ba za ta koma yadda take ba. Wankin ya koma sau uku a mako, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya huta. Mun koma faɗan kofi, kuma yanzu ni ke ci.

Na zage ka a takardun baya, ban janye duka ba, amma na janye rabi. Abin da ka bayar na san girmansa ko da ban san iliminsa ba. Da muka dawo na tarar bokitin yana nan inda na bar shi. Na tace da farin ƙyalle, 'yan ƙwayoyin nan masu kamar kan fil ba su narke ba, sun maƙale. Na shanya su a inuwa, ga su nan a ƙullin da ke cikin ambulan. Sun sha sabulu, ban sani ba ko suna da sauran amfani. In babu, ko riƙewa ka yi a hannu.

Maigida yana gaishe ka. Bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa iyawa ba, sai dai ya ce in tambaye ka, ita ƙatuwar duniyar gidanmu me ya taka mata birki ba ta gangaro ta murƙushe mu ba? Ya ce ka rubuto da tsawo, don awa huɗu yake yi kwance a inji ba abin yi. Ka rubuto masa. Amma ka sa sunana a bayan ambulan, ni zan fara karantawa.

Yayarka.